Yadda Ake Fassara Rahoton Matsalolin Allurar Barci Daga Faransanci Zuwa Turanci

Wani dattijo daga wani ƙauye da ke kudancin Maraɗi ya same ni da takardu huɗu a cikin baƙar leda, an ninke su har bakin ninkin ya fara cinyewa. 'Yarsa ce za a yi wa aikin maƙoƙo a wani asibiti a Katsina. Shekara uku kafin nan an yi mata aiki an ciro jariri a can gida, kuma abin bai zo da sauƙi ba. Likitan barci na nan ya ce ba zai sa ta barci ba sai ya san abin da ya faru a wancan karon. Takardun kuwa da Faransanci suke. An riga an kai wa wani malamin makaranta ya juya su zuwa Turanci, kuma Faransancinsa ba abin kushewa ba ne.

"Malam," in ji dattijon, "likita ya ce fassarar nan ba kai ba gindi. Ni kuwa da idona na ga yarinyar nan kwana uku da tiyo a bakinta, inji na yi mata numfashi. Ka duba mana don Allah."

Ga abin da ke rubuce a shafi na biyu, da hannun mutum mai sauri:

*Césarienne en urgence sous AG. Estomac plein. Nesdonal, Célocurine. IOT difficile, Cormack 3, réussie au 3e essai sur mandrin d'Eschmann. Inhalation. Collapsus, TA 6/3. Transfert en réa.*

Layi biyu ne kacal, amma akwai tarko aƙalla biyar a cikinsu. Irin waɗannan takardu suna tsallako iyaka kullum, daga Maraɗi da Damagaram da Ƙonni zuwa Katsina da Kano da Sakkwato, kuma wanda zai karanta fassararka mutum ne da ke shirin ɗauke numfashin wani ya riƙe masa shi na awa biyu ko uku. Da wannan a rai ake zama a kan aikin.

Da farko, ka san wane Turanci ake so

Asibitocin Najeriya Turancin Ingila suke bi. Saboda haka *anaesthesia* za ka rubuta, da *adrenaline*, da *suxamethonium*, da *theatre*. Idan Amurka takardun za su, sai su koma *anesthesia*, *epinephrine*, *succinylcholine*, da *operating room*. Akwai wuri ɗaya da bambancin ke canza ma'ana: *médecin anesthésiste-réanimateur* likita ne, a Ingila da Najeriya *anaesthetist* ake ce masa, amma a Amurka wannan kalmar ta fi nufin nas, likitan kuwa *anesthesiologist* ne. A Nijar sau da yawa wanda ya sa hannu a takardar ƙwararren ma'aikaci ne mai muƙamin *technicien supérieur en anesthésie-réanimation*. Kar ka ɗaga shi ya zama likita a fassara, kar kuma ka rage masa daraja.

Mataki na biyu: karanta duka kafin ka rubuta kalma ɗaya

Rahoton barci labari ne mai bin lokaci. Yana farawa da *consultation pré-anesthésique*, ganawar da ake yi da majinyaci kafin aiki. A Faransa doka ce ta wajabta ta tun 5 ga Disamba 1994, tare da ɗakin farfaɗowa da suke kira SSPI, kuma asibitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci sun ɗauki tsarin takardun da kalmominsu. Daga nan sai *induction*, lokacin sa barci, sai *entretien*, sai *réveil*. Ƙamus zai ce maka *entretien* hira ce ko ganawa. A nan riƙe mutum a cikin barcin ake nufi, wato *maintenance*.

Ka ɗauki fensir ka ja wa kanka layin lokaci: me ya faru kafin a sa tiyo, me ya faru bayansa, me ya faru a ɗakin farfaɗowa. J0 ranar aiki ce, J1 washegari, H6 awa shida bayan aiki. Ka kula da kalmomi biyu masu kama da tagwaye. *Peropératoire* yana nufin ana tsakiyar aikin, Turancinsa *intraoperative*. *Périopératoire* ya haɗa da kafin aiki da lokacinsa da bayansa, shi ne *perioperative*. Harafi ɗaya ne da 'yar alama tsakaninsu, amma tsayawar zuciya a kan tebur da tsayawarta a ɗakin jinya bayan kwana ɗaya ba labari ɗaya ba ne a kunnen likitan barci.

Mataki na uku: kalmomin da ke sanye da rigar Turanci

A nan ne aikin yake, kuma a nan malamin makarantar ya zame.

Ya ga *inhalation*, ya bar ta *inhalation*. Likitan da ya karanta sai ya fahimci an ba ta iskar barci ta shaƙa, abin da ake yi wa kowa. Abin da ya faru kuwa shi ne abincin cikinta ya taso ya gangara cikin huhu. Ruwan ciki yana da tsami mai ƙona huhu, mai juna biyu kuma tana cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari, shi ya sa aka rubuta *estomac plein*. Wani likitan haihuwa na birnin New York, Curtis Mendelson, shi ya bayyana wannan matsala a 1946, har yau Faransawa na kiran ta *syndrome de Mendelson*. Turancinta *pulmonary aspiration*. Abin da ke ƙara rikita mutum shi ne, *aspiration* a Faransanci wani abu ne daban: zuƙe majina ko jini da inji, wato *suction*. Kalmomin biyu sun yi musayar gida. Idan ka ga *aspiration trachéale*, ma'aikaci ne ya zuƙe, idan ka ga *inhalation* a jerin matsaloli, huhu ne ya sha abin da bai kamata ba. Ni ban rubuta *aspiration* a takardar yarinyar ba sai da na ga *pneumopathie d'inhalation* a shafi na uku, ya tabbatar mini.

Sai *réanimation*, wadda ake gajarta ta zuwa *réa*. *Transfert en réa* yana nufin an kai ta ɗakin kulawa ta musamman, ICU. Fassarar farko ta ce an kai ta don *resuscitation*, kamar zuciyarta ta tsaya an dawo da ita. Ba ta tsaya ba. Kalmar tana zama *resuscitation* ne a wurare irin *réanimation cardio-pulmonaire*, inda za ka ga MCE, danna ƙirji, da CEE, jona wa zuciya lantarki, suna biye da ita.

*Curare* ita ce ta uku. Asalinta dafin kibiya ne na mutanen Kudancin Amurka, kuma a 1942 Harold Griffith ya fara amfani da shi a ɗakin tiyata a Montreal don sassauta naman jiki. Faransanci ya riƙe sunan ya shimfiɗa shi a kan duk dangin magungunan, Turanci kuwa ya sake shi. Don haka *curare* ya zama *neuromuscular blocking agent* ko *muscle relaxant*, *curarisation* ta zama *neuromuscular blockade*, *décurarisation* ta zama *reversal*. *Curarisation résiduelle* matsala ce ta gaske: mutum ya farka amma maganin bai gama sakin jikinsa ba, numfashinsa ba ƙarfi, ba ya iya haɗiye yawu sosai. Ana ce mata *residual neuromuscular blockade*.

*Collapsus* ba suma ba ce irin ta wanda ya yanke jiki ya faɗi, ai mutum yana kwance cikin barci. Awon jini ne ya rufta. Ka rubuta *cardiovascular collapse* ko *profound hypotension*, ka sa lambobin a gefensa.

*Sonde* kalma ce guda mai aiki da yawa. *Sonde d'intubation* tiyon numfashi ne, *endotracheal tube*. *Sonde vésicale* robar fitsari ce, *urinary catheter*. *Sonde nasogastrique* ta hanci ce zuwa ciki. Ba ɗayansu da ake kira *probe*. *Mandrin d'Eschmann* siririyar sanda ce mai lanƙwasa da ake fara zurawa a hanyar iska idan ba a ganin ƙofar, sannan a zura tiyon a kanta. Likitocin Ingila da Najeriya *bougie* suke ce mata, kalmar da ita kanta aro ce daga Faransanci.

Ka yi hattara da *intubation sélective*. Idan aikin huhu ake yi, da gangan ne. Idan ka gan ta a jerin matsaloli, tiyon ne ya zarce ya shiga reshen huhu ɗaya, galibi na dama, ɗayan huhun ya zauna babu iska. *Endobronchial intubation* ke nan, ka ƙara *inadvertent* in takardar ta nuna kuskure ne.

Akwai kuma wadda ta fi taɓa ni a duk jerin, *mémorisation peropératoire* ko *réveil peropératoire*. Mutum ya farka ana tsakiyar aiki, yana ji, wani lokaci ba ya iya motsa ko yatsa saboda maganin sassauta jiki. Turancinta *accidental awareness under general anaesthesia*. Babban binciken da aka yi a Birtaniya da Ireland, NAP5, wanda aka fitar a 2014, ya sami rahoton haka sau 1 a cikin kusan 19,600, amma a aikin ciro jariri sau 1 a cikin 670. Wanda hakan ta taɓa faruwa da shi yana shiga ɗakin tiyata da fargabar da ba kowa zai gane ba. Idan ka rubuta *memorisation*, ka binne masa wannan a cikin kalmar da ba wanda zai tsaya a kanta.

Sauran suna da sauƙi: *retard de réveil* shi ne *delayed emergence*, *bris dentaire* shi ne *dental damage*, *perfusion* ƙarin ruwa ne, *infusion*, NVPO kuma tashin zuciya da amai bayan aiki, PONV. *Laryngospasme* da *bronchospasme* harafin ƙarshe kawai suke zubarwa.

Mataki na huɗu: lambobi

*TA 6/3* shi ya sa likitan Katsina ya ajiye takardar. Babu mai rai da awon jini 6/3. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci sun saba faɗin awon jini da santimita, saboda haka 12/8 shi ne 120/80, 6/3 kuma 60/30. Ka ninka da goma, ka rubuta mmHg, wato awon da milimita, ka nuna a bayanin mai fassara yadda asalin ya zo.

Waƙafi a lambar Faransanci ɗigo ne a Turanci: 2,5 mg shi ne 2.5 mg. A kwafin da ya dushe waƙafin kan ɓace ya koma 25, don haka ka nemi ainihin takardar ko hoto mai haske. Ma'aikatan barci kan rubuta *gamma* ko alamar γ suna nufin maikurogiram. Ka rubuta *micrograms* a cike, domin µg da hannu yana kama da mg, tsakaninsu kuwa ninki dubu ne. Sukarin jini yakan zo da g/L: 1 g/L daidai yake da 100 mg/dL, kusan 5.5 mmol/L. *Créatinine*, gwajin jini mai nuna aikin ƙoda, 10 mg/L ita ce 1 mg/dL, kusan 88 µmol/L. Duk inda ka juya awo, ka bar na asali a kusa, likita ya iya bin lissafinka.

Mataki na biyar: gajerun haruffa da sunayen magunguna

Ba a kwashe gajerun haruffa a zuba su haka nan. Ka warware su da Faransanci tukuna, sannan ka nemo na Turanci. AG, sa mutum barci gaba ɗaya, ya zama GA wato *general anaesthesia*, IOT ya zama *orotracheal intubation*, ACR tsayawar zuciya da numfashi, OAP ruwa a huhu wato *acute pulmonary oedema*, ATCD tarihin lafiya, RAS babu abin lura. RA a takardar barci yawanci *rachianesthésie* ce, allurar baya, *spinal anaesthesia*.

Guda biyu na ba ni tsoro har yau. IRA na iya zama *insuffisance rénale aiguë*, gazawar ƙoda, ko *insuffisance respiratoire aiguë*, gazawar numfashi, kuma duka biyun suna iya biyo bayan tiyata. Ka duba maƙwabtanta: in ana maganar fitsari da *créatinine*, ƙoda ce, in ana maganar iskar oksijin da inji, numfashi ne. IVG kuma na iya nufin gazawar ɓangaren hagu na zuciya, ko zubar da ciki da gangan. A takardar mace, kuskure a nan na iya kashe aure. Idan mahallin bai raba gardama ba, ka rubuta ma'anonin biyu, ka ce asalin bai fayyace ba.

Magunguna kuwa da sunan kamfani ake yawan rubuta su. Ka mayar da kowanne zuwa sunansa na duniya. Nesdonal shi ne *thiopental*, Célocurine *suxamethonium*, Diprivan *propofol*, Kétalar *ketamine*, Hypnovel *midazolam*, Tracrium *atracurium*, Esmeron *rocuronium*, Norcuron *vecuronium*, Prostigmine *neostigmine*. *Halogénés* su ne iskokin barci irin su *halothane* da *isoflurane* da *sevoflurane*, a tare ana ce musu *volatile agents*.

Mataki na shida: abubuwa huɗu da ke bin mutum har tsufa

Wasu matsalolin suna ƙarewa da ranar aikin. Huɗu ba sa ƙarewa, kuma don su ne aka kawo maka takardar tun farko.

Na ɗaya, wahalar sa tiyo. Ma'aunin Cormack da Lehane na 1984 yana da mataki huɗu: a na 1 ana ganin ƙofar hanyar iska sarai, a na 3 murfinta kawai ake gani, a na 4 ko shi ba a gani. Kar ka haɗa shi da ma'aunin Mallampati, wanda ake yi mutum yana zaune a farke ya buɗe baki. Ka kawo komai: sau nawa aka gwada, da me aka yi nasara, ko ba shi iska da abin rufe fuska ya yi wuya. Ga mai maƙoƙo, wanda kumburin wuyanta zai iya ture hanyar iska gefe, *Cormack 3* na shekara uku da suka wuce ya isa ya canza duk shirin likita.

Na biyu, *choc anaphylactique*, lokacin da jiki ya yi wa magani bore. Rahotannin Faransanci sukan auna shi da ma'aunin Ring da Messmer, daga mataki na I, borin fata kawai, zuwa na IV, tsayawar zuciya. Ka ambaci sunan ma'aunin, domin ba shi kaɗai ake amfani da shi ba. Binciken Faransa ya daɗe yana nuna magungunan sassauta jiki ne kan gaba wajen haddasa shi, na Birtaniya na 2018, NAP6, ya sami magungunan kashe ƙwayoyin cuta a gaba. Don haka ka jero duk maganin da aka ba shi kafin abin ya faru, da lokacinsa, ba wanda aka zarga kaɗai ba.

Na uku, *hyperthermie maligne*, *malignant hyperthermia*. *Maligne* a nan ba ta da alaƙa da ciwon daji. Naman jiki ne ke kamawa da aiki ba ƙaƙƙautawa idan ya haɗu da iskokin barci ko *suxamethonium*, jiki ya sandare, zafi ya hau, zuciya ta rikice. Maganinsa *dantrolene*. Gado ne: Denborough da Lovell sun bayyana shi a 1960 a Ostireliya, a cikin dangin da mutane goma suka rasu sanadin allurar barci. Idan ka ga ko da zarginsa ne, ya shafi 'ya'ya da 'yan'uwa.

Na huɗu, *déficit en pseudocholinestérases*. Jikin mutum ba ya narkar da *suxamethonium* da wuri, maganin minti biyar sai ya riƙe shi awanni. *Suxamethonium apnoea* ake ce masa, shi ma yana bin jini.

A waɗannan huɗu, ƙananan kalmomin da ke gaban sunan ciwon sun kai sunan nauyi. *Notion de* na nufin an ji an faɗa, ba a tabbatar ba: *reported history of*. *Suspicion de* zargi ne. *Éventuel* na nufin mai yiwuwa, *possible*, ba *eventual* ba. *Non exclu* ba a kore ba. *Confirmé* ne kawai tabbas. Idan ka mai da zargi tabbas, ka hana mutum maganin da wata rana zai cece shi, idan ka share zargin ka miƙa shi ga abin da ya kusa kashe shi. Yadda marubucin ya yi shakka, haka za ka yi.

Mataki na bakwai: tabbatarwa

Ƙamus na gama-gari ba ya wannan aiki. Abin da ya fi amfanata shi ne karanta abu ɗaya a harsunan biyu: shawarwarin ƙungiyar likitocin barci ta Faransa, SFAR, a hannu ɗaya, na ƙungiyoyin Birtaniya, Royal College of Anaesthetists da Difficult Airway Society, a ɗaya hannun. Shafin HeTOP na asibitin jami'ar Rouen yana jera kalmomin likitanci da takwarorinsu. Lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ma gada ce mai kyau, domin lambar ba ta canzawa: CIM-10 ita ce ICD-10, T88.3 *malignant hyperthermia* ce, T88.4 wahala ko gazawar sa tiyo, J95.4 ciwon Mendelson. Fassarar inji tana iya ba ka zubin farko, amma kar ka loda mata takarda da sunan majinyaci a kai, kuma ka bi ta kalma kalma, domin a kan *inhalation* da *réa* take yawan tuntuɓe.

Inda rubutun hannu ya gagara, ka rubuta *illegible*. Kar ka cike gurbi da zato, ko da zaton ya yi kama da gaskiya. Idan kana da likita ko ma'aikacin barci da ka sani, ka rufe sunan majinyacin ka nuna masa layin.

Ga yadda layin yarinyar ya fita a ƙarshe:

*Emergency caesarean section under general anaesthesia. Full stomach. Thiopental, suxamethonium. Difficult orotracheal intubation, Cormack-Lehane grade 3, successful at third attempt using a bougie. Pulmonary aspiration. Cardiovascular collapse, BP 60/30 mmHg. Transferred to ICU.*

Miƙa aikin

Ka bi tsarin asalin shafi da shafi, ka liƙa kwafin Faransancin a bayan fassarar, ka sa sunanka da kwanan wata. Bayananka na mai fassara su zauna daban, a gane naka ne ba na likita ba. Sirrin takardar kuma ya tsaya tsakaninka da mai ita.

Akwai abu ɗaya da ba a biyan kuɗinsa, amma ba na tsallake shi: faɗa wa masu takardar da Hausa abin da ke ciki, iyakar abin da aka rubuta, ba tare da na yi musu fashin baƙi irin na likita ba. Shekara uku dattijon nan yana ɗauke da takardun bai san abin da suka ce ba.

"Baba," na ce masa, "takardar ta ce sa mata tiyon numfashi ya yi wuya, sai a karo na uku aka samu. Abincin cikinta ya shiga huhu, jininta ya sauka ƙwarai, shi ya sa aka sa ta a inji. Sauran bayani na likita ne. Amma ku sa a yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a wurinta. Duk asibitin da za a sa ta barci, ko na cire haƙori ne, ta nuna kafin a tambaye ta."

Ya sa na maimaita masa maganar tiyon sau biyu, ya ce zai faɗa wa mijinta da bakinsa. Sannan ya ninke sababbin takardun tare da tsofaffin, ya mayar cikin ledar, ya tafi neman motar Katsina.